JAN IDO IRI BIYU NE
(Gyara Kayanka Ga 'Yan'uwana Marubuta)

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su ƙara tabbata ga Fiyayyen halitta Annabi Muhammadu (S.A.W.) da iyalan gidansa da sahabbansa baki ɗaya.

 Na san da yawanku kun saba karanta labaran soyayya da na zaman aure daga alƙalamina, to yau ku yi haƙuri, ba labari na zo da shi ba, ƙorafi na zo da shi. Ƙorafin kuwa a kan mu marubuta ne, kuma ni ce ta farko da zan fara ɗora wa laifin, don Hausawa sun ce idan za ka faɗi gaskiya fara da kanka. Gyara kayanka kuma ba ya zama sauke mu raba.

Akwai wani mutum da duk mai karanta littattafanmu na Hausa ya san shi, ko da kuwa sunansa yana sauyawa daga littafi zuwa littafi. Shi ne ɗan wiwi. Idanunsa jajawur kamar gauta, leɓensa baƙi ƙirin, gashin kansa a dudduƙunƙune, wurin zamansa kango ko bayan makaranta. Ba ya sallah, ba ya gaida kowa, da muryar 'yan tasha yake magana. Shi ke sace sarƙa da 'yan kunnen uwarsa, shi kishiya ke haya idan tana so a yi wa amarya illa, shi ke tare yarinya a lungu. Idan littafi ya zo ƙarshe kuwa ɗayan biyu ne, ko a gan shi yana tsince-tsince a bola, ko 'yan sanda su yi awon gaba da shi. Haka yake a littattafan da muka taso muna aro a makaranta, haka yake a finafinai, haka yake har yau a labaran da ake sayarwa ta waya.

Ni ma na rubuta shi. A littafina na biyu na sa shi ɗan kishiyar uwar jarumata, na kuma haukata shi a shafi na kusa da ƙarshe. Wasiƙu da saƙonni sun yi ta zuwa ana sa mini albarka wai na yi faɗakarwa. Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne, lokacin da na rubuta littafin nan, wallahi ko ganin tabar wiwi ban taɓa yi da idona ba. A littafin wata na gan shi na kwafo, ita ma na tabbata a na wata ta gani. Ranar da Allah Ya nufa na fara ganinta, ba a kango na gan ta ba, a ɗakin Gwaggona ce a garin Wanke, kuma wanda ya shigo da ita mutum ne da ko goro ba ya ci.

Bari in ba ku labarin a taƙaice, don ku gane inda na dosa.

Gwaggo ƙanwar mahaifina ce, ita ta riƙe ni tun ina shekara shida bayan rasuwar mahaifiyata, a hannunta na yi wayo har aka kai ni makarantar kwana, daga can aure ya kawo ni Gusau. Ta daɗe tana jin wani ƙullutu a nononta na hagu amma kunya irin ta iyayenmu ta hana ta faɗa. Sai da ya fashe ya fara ruwa sannan matar ɗanta ta gani. An yi na gida, an shafa wannan an sha wancan, an yi rubutu, kafin a kai ta asibiti. Likita ya ce ciwon daji ne, kuma ya riga ya bi jiki har ya taɓa ƙashi. Ya ce aiki ba zai yi amfani ba a wannan matakin. Aka rubuta mana magunguna muka dawo da ita gida.

Wannan ya faru ne a daminar 2021. Duk mutumin Zamfara ya san wace irin shekara ce. A farkon watan Satumba aka katse layukan waya a jihar baki ɗaya saboda yaƙi da 'yan bindiga, aka rufe kasuwannin mako-mako, aka hana sayar da mai a jarka, aka taƙaita zirga-zirgar babura. A daidai lokacin kuma ƙananan likitoci na ƙasa suna yajin aikin da suka fara tun watan Agusta. Wato ba ka da damar bugo wa kowa waya ka ce ga halin da ake ciki, hanya kuma kowa ya fita sai ya yi sallama da iyalinsa kamar ba zai dawo ba.

Na tattara na koma Wanke jinya. Jama'a, na sha rubuta kalmar "azaba" a littattafaina, ashe ban san ma'anarta ba. Gwaggo mace ce da ta haifi tara ba a taɓa jin ƙararta ba, amma sai ga ta tana cizon zani tana kiran sunan uwarta da ta rasu shekara talatin. Ƙwayoyin da aka rubuta mana sun daina yi mata komai. Na kemis ma aka gwada, ta sha sai amai. Dare ya fi rana tsanani. Wata rana da asuba ta riƙo hannuna ta ce,

"Ɗiyata, in kina ƙaunata roƙa mani Allah Shi ɗauki raina. Na gaji."

Babban ɗanta taubashina ne, amma da yake gida ɗaya muka tashi Yaya nake ce masa, shi kuma 'Yar boko yake kirana. Manomi ne, ladanin masallacin unguwarsu ne. Kwana uku bayan maganar nan ta Gwaggo ya fita tun safe bai dawo ba sai bayan la'asar. Da magariba na ga ya shiga madafa da kansa, abin da ban taɓa gani ba, ya fito da kofin shayi. Wani irin wari ya bugi hancina. Na tare shi a ƙofar ɗaki na ce,

"Yaya, mene ne wannan?"

Ya yi shiru. Na ce, "Yaya, don girman Allah ba abin da nake zato ba ne ko?"

Ya ce, "Awo, ita ta."

Na ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Uwar taka za ka ba wiwi?"

Sai ya ɗago kai ya dube ni. Idanunsa jajawur suke, irin waɗanda na rubuta a littafina, sai dai nasa kwana goma sha ne ba barci da kukan da namiji ke yi a ɓoye suka mayar da su haka. Ya ce,

"To 'Yar boko, ke da kin yi karatu, mi kika so in yi? Kawo naki maganin in zubar da wanga."

Ba ni da shi. Na kauce na ba shi hanya.

Ba zan yi muku ƙarya ba, don ƙaryar ce ma nake kuka da ita. A daren nan Gwaggo ta yi barcin da ta daɗe ba ta yi ba, da safe ta nemi kunu da kanta. Kwana huɗu ana haka har muka fara murna. A dare na biyar sai abu ya juye. Ko ganyen ne ya fi na baya ƙarfi, ko hannun Yaya ne ya zarce, Allah kaɗai Ya sani, domin abu ne da ba shi da ma'auni. Zuciyarta ta dinga bugawa kamar za ta fito, ta firgice tana cewa ga mutane nan sun cika ɗaki, ta kasa gane jikokinta. Muka kwana muna tofa mata addu'a. Zafin kuma da ma ba tafiya ya yi ba, barci ne kawai ke rufe shi, da ta farka yana nan. Ciwon kansa ko gezau bai yi ba.

Sai bayan an janye yajin aiki a watan Oktoba wani ɗan'uwanmu ya yi ta faman zirga-zirga zuwa wani babban asibiti a wata jiha, aka samo mana maganin ruwa a kwalba da ake kira mofin, da takardar likita da bayanin yadda za a riƙa ba ta bisa awa. Ranar da ta fara sha, Gwaggo ta zauna ta yi sallah a zaune cikin hankalinta, ta kira 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya ta yi musu wasiyya, ta faɗi bashin da ake bin ta da wanda take bi. Sati uku ta yi a haka Allah Ya karɓi abarSa. Allah Ya jiƙanta da rahama, Ya sa ciwon ya zama kankarar zunubi.

To yanzu ga ƙorafina.

Na farko, mu marubuta mun mayar da tabar wiwi gajeriyar hanya. Idan muna so mai karatu ya tsani mutum, ba ma wahalar da kanmu wajen nuna halinsa da dalilin lalacewarsa, sai kawai mu cusa masa naɗi a baki, shi ke nan an gama. Wannan lalaci ne, ba faɗakarwa ba. Binciken da gwamnatin tarayya ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya nuna mutum miliyan 14.3 ne suka yi ta'ammali da kayan maye a ƙasar nan cikin shekara guda, daga ciki miliyan 10.6 tabar wiwi ce. Ku tsaya ku yi tunani, mutum miliyan goma da ɗoriya duk a bola suke? Duk a kango suke kwana? Akwai mai kafta da hula a cikinsu, akwai ɗan gidan mutunci, akwai matar aure a cikin ɗakinta. Yaron da ya karanta littafinmu ya ga mun ce duk mai sha yana haukacewa a take, sannan ya waiga ya ga abokinsa yana sha shekara biyu bai haukace ba, to daga ranar ya daina yarda da duk wani gargaɗinmu, har wanda yake gaskiya ne. Gaskiyar kuwa ta isa tsoratarwa ba sai an ƙara mata gishiri ba, likitoci sun tabbatar wanda ya fara sha da ƙuruciya, yake sha kullum, musamman mai ƙarfin, haɗarin taɓin hankali a kansa ya fi na wanda ba ya sha nesa ba kusa ba. Wanda ke musu ya je asibitin ƙwaƙwalwa na Kware ko na Barnawa a Kaduna ya ga 'ya'yan mutane.

Na biyu, ba ma rubuta ciwo. A littattafanmu idan jaruma ta kwanta rashin lafiya, ko dai sammun kishiya ne malam ya karya a shafi biyu, ko kuma Alhaji ya ɗaga waya a yi biza a fita da ita Misra ko Indiya ko Jamus ta dawo ta yi ƙiba ta yi haske. Ina littafin da ya nuna jinya irin tamu? Ina wanda ya nuna mace tana wanke tsumman miki da dare don kada 'yan dubiya su ji wari? Ina wanda ya nuna an sayar da tunkiya da buhun gero tun bai shiga rumbu ba don kuɗin gwaji? Kowane gida a ƙasar Hausa ya san wannan, amma littattafanmu sun kau da kai, wai masu karatu nishaɗi suke so. Alhali magabatanmu ba haka suka yi ba. Hajiya Hafsatu Abdulwahid da ta fitar da So Aljannar Duniya a 1980, da Hajiya Balaraba Ramat Yakubu da ta rubuta Wa Zai Auri Jahila? da Alhaki Kwikwiyo, abin da ake jin nauyin faɗa suka taɓo, auren dole da hana 'ya mace karatu da wulaƙancin maza, suka sha zagi a kai, kuma shi ya sa har yau ake tunawa da su. Mu da muka biyo baya sai muka tsaya kwatanta leshi da motoci.

Da a ce akwai littafi guda da ya nuna mace ta ji ƙullutu a nononta ta ɓoye, ya bi ta daki-daki har ƙarshe, da wataƙila matar Yaya da ke karanta littattafaina tana ba Gwaggo labari ta karanta mata shi, da wataƙila an kai ta asibiti tun abin yana ƙarami. Wannan tunanin yana hana ni barci.

Na uku, saboda ba mu san abin da muke rubutu a kai ba, mun bar fili ga 'yan damfara. Yanzu ku duba Facebook da TikTok, za ku ga masu tallan wani mai a 'yar kwalba wai man wiwi ne daga waje, yana warkar da ciwon daji da sikila da ciwon suga. Ƙarya ce tsagwaronta. Bayan rasuwar Gwaggo na zauna na bi diddigin maganar, na tambayi masu ilmin abin, ga abin da na samu. A cikin ganyen akwai sinadarai da yawa, manyansu biyu. Ɗaya shi ake kira THC, shi ne mai bugarwa, wani masani a Isra'ila mai suna Raphael Mechoulam da abokin aikinsa suka fara ware shi a 1964. Ɗayan shi ne CBD, shi ba ya bugarwa. Tun 1985 Amurka ta amince da wata ƙwaya da aka yi da irin sinadarin farko don tsayar da aman da maganin ciwon daji ke jawowa. A 2018 kuma ta amince da wani maganin ruwa mai suna Epidiolex da aka tace daga CBD, don wasu nau'o'in farfaɗiyar yara masu tsanani da ba sa jin sauran magunguna. A shekarar nan dai, a watan Nuwamba, Ingila ta ba manyan likitoci izinin rubuta irin waɗannan magunguna, bayan hayaniyar da aka yi kan wasu yara biyu masu farfaɗiya, ɗayansu ma a filin jirgin sama aka ƙwace maganinsa daga hannun uwarsa. To amma duk waɗannan abubuwa ne da aka tace aka auna, likita ke rubutawa yana kuma bibiya. Babu wata hukumar lafiya da ta ce wiwi na warkar da ciwon daji. Ko wajen kashe zafinsa ma, gwaje-gwajen da aka yi ba su nuna ta kama ƙafar mofin ba. Abin da idona ya gani a ɗakin Gwaggo ke nan tun kafin in ji daga bakin masana.

Na huɗu, ƙorafina ya wuce kan marubuta ya hau kan masu mulki. Dokar ƙasar nan a kan wiwi tsohuwa ce kuma mai zafi. Dokar soja ta 1966 ta tanadi kisa ko ɗaurin da bai gaza shekara 21 ba ga mai nomanta, da shekara 10 ga wanda aka kama da ita, kafin a sassauta a 1975. A 1989 aka kafa hukumar NDLEA, kuma dokarta ta ce wanda aka samu da ita ba da izini ba hukuncinsa ɗaurin shekara 15 zuwa 25 ne, ko da yake alƙalai kan rage. Babu likitan da zai rubuta maka ita a nan, babu kemis ɗin da zai sayar maka bisa ƙa'ida. Wato ranar nan da Yaya ya ɗauko ƙullin nan ya ratso shingayen bincike, a idon doka mai laifi ne da zai iya fuskantar ɗauri. Kai ni ba ma ɗaurin ne ya fi ba ni tsoro ba. A irin wancan lokacin, mutumin ƙauye a kama shi da wiwi a hanyar Wanke, wa zai tsaya sauraron wai uwarsa ce ba lafiya? Kafin a kai ga kotu an gama da shi, a bar 'ya'yansa bakwai da sunan ubansu mai kai wa ɓarayi kaya ne.

Ƙasashe da dama sun sake duba lamarin. Lesoto ce ta fara a Afirka a 2017 da ba da lasisin nomanta don magani, Zimbabuwe ta biyo a 2018, Maroko ta yi doka a 2021. A watan Disamba na 2020 kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan miyagun ƙwayoyi ya kaɗa ƙuri'a, ƙasa 27 da 25, aka cire ta daga rukunin abubuwan da ake ganin sun fi haɗari kuma ba su da wani amfani a magani, duk da har yanzu tana cikin waɗanda ake sa wa ido sosai. Nijeriya na cikin waɗanda suka ƙi. A gida ma marigayi gwamnan Ondo Rotimi Akeredolu ya yi ta kiran a ba da damar nomanta don magani, an kai ƙudurori majalisar wakilai ba su wuce ba.

Kada wani ya karanta wannan ya ce Hajiya ta fito tana kiran a saki wiwi a kasuwa. Allah Ya kiyaye. Ni 'yar Zamfara ce, na san abin da ƙwaya da hayaƙi suka yi mana, waɗanda suka kuɓuto daga daji sun ba da labarin abin da ake sha kafin a fito a kashe mutane. Ƙasar da ta kasa tsare tiramol, ƙasar da sai a 2018 ta hana maganin tari mai kodin bayan ya gama cinye mana 'yan mata da matan aure, ban ga yadda za ta tsare gonar wiwi ba. Masu tsoro suna da hujja. Abin da nake cewa shi ne, idan ka rufe ƙofa to ka buɗe taga. Rashin uwa ake uwar ɗaki. Da akwai mofin a kusa da mu, wallahi Yaya ba zai taɓa zuwa inda ya je ba.

Mofin ɗin nan fa ba sabon abu ba ne, ba kuma mai tsada ba ne. Yana cikin jerin magungunan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wajibi ne kowace ƙasa ta tanada. Ku dubi Yuganda, ba ta fi mu arziki ba. A 1993 wata likita mai suna Anne Merriman, wadda ta taɓa aiki a nan Nijeriya, ta kafa cibiyar kula da marasa lafiyar da ciwonsu ba ya warkewa, aka riƙa haɗa mofin na ruwa a cikin ƙasar ana zubawa a kwalba. A 2004 gwamnatinsu ta ba ma'aikatan jinya da aka horar izinin rubuta shi, don ya kai ƙauyukan da babu likita. Mu nan kuwa tiramol na maye ya fi sauƙin samu a tasha a kan maganin da zai sa tsohuwa ta yi kalmar shahada cikin hankalinta. Wannan ba abin kunya ba ne?

Saura maganar addini, wadda ita ta fi damuna. Bayan an yi sadakar arba'in na dawo Gusau, na samu malaminmu na Islamiyya na ce, "Allah Ya gafarta Malam, ga abin da muka yi, mene ne hukuncinmu?" Ya ce shanta don jin daɗi haramun ne, babu malamin kirki da ya yi saɓani a kai. Ya ce inda suka bambanta shi ne wajen ajinta, Ibn Taimiyya ya haɗa ta da giya a hukunci, shi kuwa Alƙarafi, babban malamin Malikiyya na Misra, ya sa ta cikin abubuwan da ke ɓata hankali waɗanda hukuncinsu ya sha bamban da na giya. Ya ce larura takan halatta abin da aka hana, kamar yadda aka yi wa wanda yunwa za ta kashe rangwamen cin mushe, kuma da haka ne ake sa wa mutum allurar barci a yi masa aiki. Amma da sharuɗɗa, a rasa wani maganin na halal, amintaccen likita ya ce a yi, kuma a tsaya iya gwargwadon buƙata. Sai ya tambaye ni,

"Akwai likitan da ya ce ku ba ta?"

Na ce, "Babu, Malam."

Ya ce, "Akwai wani maganin da ya fi shi?"

Na ce, "Akwai, amma a lokacin hannunmu bai kai gare shi ba."

Ya daɗe shiru yana jan carbi, sannan ya ce, "Ku yawaita istigfari ke da ɗan'uwanki, ku yi mata addu'a. Allah Ya san abin da ke cikin zukata. Amma waɗanda aka ɗora wa amanar lafiyar jama'a, su ma akwai tambayar da ke jiransu."

Har yau ban ce mun yi daidai ba. Daren nan da Gwaggo ta firgice ta kasa gane jikokinta yana nan a zuciyata, da ta cika a wannan daren da ban san yadda zan yafe wa kaina ba. Amma kuma ba zan iya kallon Yaya in kira shi da sunan da na kira yaron cikin littafina ba. Tun daga ranar da aka samo kwalbar nan ya haƙa rami a bayan gida ya binne sauran ganyen, bai ƙara waiwayarsa ba, har gobe shi ke kiran sallar asuba.

Don haka ina kira ga 'yan'uwana marubuta, musamman mata, kafin ki rubuta abu ki je ki gani, ki tambayi likita, ki tambayi malami, ki zauna da wadda abin ya faru a gidanta. In za ki rubuta ɗan wiwi ki rubuta shi mutum, ki nuna mana ranar da ya fara da wanda ya miƙa masa da abin da ya rasa a gida, ta haka ne uwa za ta gane alamun a jikin ɗanta tun da wuri. Ki kuma ba marar lafiya da mai jinya shafi a littafinki, su ma jarumai ne.

Ku kuma iyayena da 'yan'uwana mata, don Allah duk wadda ta ji ƙullutu ko ta ga wani sauyi a nononta, ta cire kunya ta je asibiti a satin, ba sai ya fashe ba. Da zafi-zafi ake dukan ƙarfe. Wadda kuma Allah Ya jarabce ta da jinyar mai irin wannan ciwo, ta buɗe baki ta gaya wa likita cewa zafin ya fi ƙarfin maganin, ta tambaya ko akwai mofin da inda ake samunsa, haƙƙin marar lafiya ne. Kada ki saurari mai tallan kwalba a waya, kada kuma ki bi hanyar da muka bi, domin mu Allah ne Ya rufa mana asiri.

Littafina na biyu ya kusa ƙarewa a kasuwa, masu shago suna ta tambaya a sake bugawa. Na yanke shawara ba zan sake buga shi yadda yake ba sai na zauna na gyara babin yaron nan, ko da zai ja mini ƙarin kuɗin bugu. Wanda ya ga kuskure a wannan rubutu nawa ya yi mini gyara, ɗan Adam ajizi ne. Wanda kuma ya karanta ya amfana, ina roƙonsa ya sa Gwaggona a addu'a.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya na gida da na asibiti, Ya shirya mana zuri'a, Ya kawo mana zaman lafiya a Zamfara da ƙasa baki ɗaya, amin.

Wassalamu alaikum. Taku har kullum.